Hukuncin Ban Ruwa da Ruwan Kubanni Idan Kwata Ta Rinjaye Shi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan lambu ne a nan Zariya, a bakin Kubanni nake noman rani, kuma sana'ar gado ce. Ina yin latas da kabeji da alayyahu, wani lokaci har da karas. Da zarar rani ya yi nisa sai kogin ya ja baya, abin da ya rage yawancinsa ruwan kwatocin unguwanni ne, ga baƙi ga wari. Shi nake ja da inji, ba ni da wani. Kwanaki wani abokina ya ce mini kayan lambuna najasa ne, kuɗin da nake ci da iyalina haram ne, sallar da nake yi a gona ma ba ta yi ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mece ce gaskiyar magana?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya. Abokinka ya tattara hukuncin ruwa da na shuka da na salla ya ɗaure su da igiya ɗaya, alhali kowanne da babinsa. Abin da ya fi su nauyi kuma bai ma ambace shi ba.

Mu fara da ruwan. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta muka tashi a ƙasar nan, ana duba launi da ɗanɗano da ƙanshi. Idan najasa ta faɗa cikin ruwa ta canja ɗaya daga cikin ukun nan, ruwan ya zama najasa. Idan ba ta canja komai ba, yana nan da tsarkinsa, shi ya sa Kubanni na damina, lokacin da yake cike yana gangarawa zuwa kogin Galma, hukuncinsa daban da Kubanni na watan Maris. Canjin da taɓo ko gansakuka suka kawo ba ya cutar da tsarki. Amma yadda ka siffanta naka, baƙi da warin kwata, najasa ne. Ba a alwala da shi, kuma duk inda ya taɓa a jiki ko tufa sai an wanke kafin salla. Maganin wannan mai sauƙi ne: jarkar ruwa mai tsarki daga gida, da riga da wando na salla a rataye a bukka. Sallolin da ka yi a baya ba tare da ka san da najasar da ke jikin tufarka ba, kada waswasi ya cinye ka a kansu, domin malamanmu sun sassauta wa wanda bai san da ita ba ko ya manta ko ya kasa gusar da ita, sun so ne ya sake muddin lokaci bai fita ba. In kuwa da ruwan nan da ya canja ka riƙa yin alwala, wannan magana ce daban, ka zo mu zauna mu lissafa.

Sai shukar. A nan abokinka ya yi gaggawa. Shehu Halil, a cikin Mukhtasar ɗinsa da ake karantawa a zaurukan Zariya tun kaka da kakanni, ya lissafa shukar da aka shayar da najasa a cikin abubuwa masu tsarki. Hanafawa da Shafi'awa ma a kan haka suke. Dalilinsu shi ne ƙasa da saiwa suna juya abin da suka sha ya koma wani abu daban, kamar yadda giya take tsarkaka idan ta rikiɗe ta zama khal, wato ruwan tsamin da ake kira binega. Hambalawa ne, a mashhurin zancensu, suka ce irin wannan shuka ba ta halatta sai an koma an shayar da ita ruwa mai tsarki, kuma ko a cikinsu akwai wanda ya bi jumhuru, wato mafi yawan malamai. Saboda haka kabejinka ba najasa ba ne, kuma ba za a kira kuɗinka haram ta wannan fuska ba. Sai dai ganyen da ruwan ya fantsama a kansa ya najastu daga waje, dole a wanke shi da ruwa mai tsarki. Wanke latas a cikin kogin da asuba don ya yi sheƙi kafin a kai shi kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, wannan ƙara masa najasa ne.

To, a nan ne nake so ka ba ni hankalinka. Abu yana iya zama mai tsarki amma cinsa ya haramta. Guba da yawa ba najasa ba ce, za ka iya salla da ita a aljihu, amma wa zai ce ka ba mutum ya sha? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta, babu cutarwa, kuma Imamu Malik ya kawo hadisin a Muwaɗɗa. Magabatan da suka ce shukar tana da tsarki suna magana ne a kan taki da bayan gida. Kwatar birni ta yau tana ɗauke da wannan, tana kuma ɗauke da abin da ba a san shi a zamaninsu ba: baƙin mai na gareji, ruwan batir, rinin zamani, da ragowar magunguna.

Likitoci sun raba cutarwar gida biyu. Akwai ƙwayoyin cuta irin na taifod da amai da gudawa, da ƙwan tsutsar ciki wanda yake daɗewa a ƙasa bai mutu ba. Waɗannan a bayan ganye suke zama, wanki mai kyau yana rage su, dahuwa tana kashe su. Alayyahun da zai tafasa a miya ya fi sauƙi ke nan. Latas da karas kuwa ɗanyu ake yanka su a kan garau-garau, yaro ɗan makaranta ya saya ya ci a tsaye. Gida na biyu shi ne ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam. Su saiwa take sha su shige cikin ganyen, wanki ba ya fitar da su, wuta ba ta ƙone su, kuma ba a ranar suke nuna kansu ba, taruwa suke yi a jiki shekara da shekaru. Wanda yake ganin dalma wasa ce ya tuna Zamfara a 2010, inda ta kashe yara sama da 400. Can daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, ba daga lambu ba, amma gubar ita ce dai.

Hukuncin da nake ba ka ya rataya ne a kan wannan. Ban ruwa da ruwan nan halal ne a asalinsa, da sharaɗin ka yi iya ƙoƙarinka wajen kawar da cutarwar. Ka bar ruwa ya bi ta lambatu ya shiga fangali ta ƙasa, ka daina watsa shi a kan ganye. Ka haƙa rami ruwan ya kwana a ciki, dauɗar ta kwanta kafin ka ja. Ka ɗauke ban ruwa 'yan kwanaki kafin ka cire kaya, rana ta yi aikinta. Waɗannan suna cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a 2006 game da noma da gurɓataccen ruwa, kuma babu wanda ya saɓa wa shari'a a cikinsu. A watannin da ruwan ya fi lalacewa, ni a ganina barin latas ya fi maka aminci, ka koma ga abin da ake dafawa ko wanda 'ya'yansa suke nesa da ƙasa, kamar masara da kuɓewa. In kuna da hali, ku haɗa kuɗi da maƙwabtanka ku buga rijiyar burtsatse a fadamar.

Maganar ƙarafa kuwa ba malami ne zai yanke ta da ido ba, aikin masu gwaji ne. Allah Ya ce a tambayi ma'abota sani, kuma ku mutanen Zariya ba ku da uzuri, ga Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, kogin ma ta cikin harabar jami'ar ya ratso. Ku je a ƙungiyance da ruwan da ƙasar da ganyen a auna. Idan masana amintattu suka tabbatar cewa gubar ta wuce kima a wani amfani, to shuka shi a wannan wuri don sayar wa mutane ya haramta gare ka daga ranar da ka sani, ko da Halil ya kira shi mai tsarki. Kuma idan dillali ko mai saye ya tambaye ka wane ruwa kake ba su, ka faɗa masa gaskiya. Wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, haka ya zo a Sahihu Muslim.

Masu sako bututun masai cikin kwata da masu juye baƙin mai a magudana, kaso mai tsoka na wannan alhaki a wuyansu yake, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa yin bayan gida a mashayar mutane yana cikin abubuwa uku masu jawo tsinuwa. Amma kai ma kana da na ƙasa da kai. Kada ka wanke tankin feshi a kogin, kada ka jefa robar maganin ƙwari a ciki, akwai mai lambu da mai shanu a gabanka da ruwan zai isa gare su.

Allah ne Mafi sani.