Amsa ga baiwar Allah mai kumburi a gabanta

Wa alaikumus salam 'yar uwa, kin ce wani kullutu ne ya fito miki a gefen gabanki yau wajen shekara 2, ba ya ciwo amma yana ta girma har zama da tafiya suna miki wuya, kuma surukarki ta ce a kira wanzami.

Don Allah kar ki yarda kowa ya sa miki aska a wajen nan, jijiyoyin jini sun yi yawa a gurin, jini zai iya ɓallewa kuma daga ƙauye zuwa babban asibiti akwai nisa. Yawanci irin wannan ba kansa ba ce, ko dai ƙullin kitse ne ko tsiron nama, ko kuma jakar ruwa da ke taruwa in hanyar ruwan da ke jiƙa bakin farji ta toshe, to amma ido kaɗai ba ya tantancewa. Likitar mata za ta duba, a yi sikanin, wani lokacin a yanki ɗan nama a kai lab, musamman in kin haura 40.

In kullutun nama ne tiyata ake yi a cire shi gaba ɗaya, in ruwa ne a buɗe a tsiyaye. Tunda kina wajen Ringim ki fara da janar asibitinku, in ya fi ƙarfinsu za su tura ki Dutse ko asibitin Malam Aminu Kano. In kunya ce ki nemi mace ta duba ki, ki tafi da yayarki. Allah ya ba ki lafiya.