Muryar da Anti ta turo kan borrow da lend

Na rubuta ta ne saboda waɗanda data ɗinsu ba ta isa su buɗe murya ba. Tambayar da ƙanwarmu ta yi jiya da dare ita ce, wai me ya sa malaminsu ya ja mata jan biro da ta rubuta borrow me your book, alhali kowa haka yake faɗa. Ga abin da Anti ta ce:

Salamu alaikum 'yan gida, ku yi haƙuri da hayaniyar, ina cikin Keke Napep ne. To ƙanwata, malaminki ya yi daidai, amma ke ma ba laifinki ba ne, Hausar da ke cikin kanki ce ta ja ki. Mu a wurinmu kalma ɗaya ce take aiki gaba da baya, ki ce ara mini wuƙarki, ki ce na ari wuƙar maƙwabciyata, duk aro ne. Shi kuwa Bature ya raba su gida biyu, abin da yake kallo kawai shi ne ina kayan ya dosa. In kayan wajenki yake tahowa, ke ce mai karɓa, borrow ne. In daga hannunki yake fita, lend ne. Shi ya sa borrow take tafiya da from, lend kuma da to.

Saboda haka in littafi kike so, ko ki ce can I borrow your book, ko ki ce can you lend me your book, duk biyun daidai ne. Borrow me ɗin nan a Pidgin ne take da gindin zama, a kasuwar Sabon Gari ki faɗe ta ba wanda zai ɗaga ido ya kalle ki, amma a takardar WAEC ko NECO ko Use of English na JAMB, wallahi irin tarkon da suke so kenan, za su jera miki borrowed da lent su zuba ido. Ku lura ma, lent ake cewa in abu ya wuce, ba lended ba.

Abin da yake burge ni shi ne mu ma muna da namu rabon da su ba su da shi. Mu ai mun san aro daban rance daban. Tukunyar biki in kika aro, ita ɗin dai za ki mayar, har da ɗan tuwo a ciki in kina da kara, amma dubu 5 da kika ranta ba waɗancan takardun za ki dawo da su ba, madadinsu za ki kawo. Turanci bai damu da wannan ba, kuɗi ne, tsani ne, kofin sukari ne, duk borrow da lend. Sai in biya za ki yi kafin ki yi amfani da abu, wannan ya zama haya, rent ko hire.

Direba dakata a nan... yauwa. Sai wadda ta fi wannan haɗari, owe. Wannan kam na gani da idona. Wani ɗan'uwanmu mai shagon atamfa yana bin wani mutum dubu 80, ya zauna ya rubuta masa saƙo da Turanci wai don abin ya yi nauyi, ya ce I am owing you eighty thousand. Shi a ransa ina binka ya fassara. Mutumin ya turo masa lambar asusu ya ce to Alhaji a turo, Allah ya ƙara buɗi. Mun sha dariya ranar har da hawaye. Owe na wanda ake bi ne, I owe you ma'anarta kai kake bina. In kai ne mai bin bashin, you owe me za ka ce.

Wani ya tambaya a baya game da loan, ita galibi sunan abu ce, wato bashin kansa, kamar na banki, ko da yake a Amurka suna cewa loan me a matsayin lend me, ba a ɗauke shi kuskure can ba. Amma don jarabawa ki riƙe lend ɗinki.

Ƙanwata ki sake rubuta jimlar nan iri biyu ki turo in gani kafin la'asar. Na iso, bari in ba mai keke kuɗinsa, wai ba shi da canjin ɗari biyar.