Tantinmu Mai Araha Yana Yoyo, Akwai Gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun sayi tanti mai araha na mutum huɗu don mu riƙa fita da yara lokacin hutu, kuma muna son zuwa wajen Jos a watan Agusta. Mun kafa shi a tsakar gida don gwaji, aka yi ruwa, da safe muka tarar ciki ya jiƙe sharkaf. Akwai gyara, ko kuɗin sun tafi ke nan? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kuɗinku ba su tafi ba, kuma kun yi dabara da kuka gwada a gida, domin Agusta tsakiyar damina ce a Jos.

Yawancin tantuna masu araha da yadin foliyesta ake yin su, a shafe cikinsa da wata roba mai laushi da ake kira PU. Ki duba kwalin, za ki ga lamba kamar 1,000mm ko 1,500mm. Ita ke nuna ƙarfin yadin wajen tare ruwa, kuma don ruwan sama mai ƙarfi an fi son 3,000mm. Sai dai da wuya yadin ne ke fara yoyo. Ɗinki ne. Duk inda allura ta bi ta bar huda, su kuma masu yin tanti mai araha ba kasafai suke liƙe hudojin da kyau ba.

Saboda haka a fara da ɗinki. A kafa tantin a inuwa ranar da babu hadari, a juya rufin saman, cikinsa ya koma waje. A goge kowane ɗinki da tsumma da ɗan sifirit, a ɓare duk tef ɗin da ya fara ɗagowa, wanda ya kama kuwa a bar shi. Sannan a shafa gam ɗin ɗinkin tanti, irin su Seam Grip, da ƙaramin burushi, siriri-siriri, faɗin santimita ɗaya zuwa biyu. A fi kula da kusurwoyin ƙasa, gefen zif, da inda aka ɗinka madaurin igiya, don nan ne ake yawan mantawa. A bar shi ya kwana ya bushe. In an naɗe da ɗanyensa, yadin zai manne da juna ya yage gam ɗin. Kada a yi amfani da silikon na masu gilas a kan PU, ba ya kamawa, kuma bayansa ba abin da zai sake mannewa a wurin.

Bayan haka sai maganin fesawa mai sa ruwa ya zame, kamar Nikwax. A wanke yadin da ruwa zalla, ban da omo, ban da injin wanki, a fesa ta waje, a goge rarar bayan 'yan mintuna.

Amma gaskiya, abin da ya fi duk waɗannan aiki shi ne tamfol. A ɗaura shi sama da tantin da tazarar kamu biyu, a karkata gefe ɗaya don ruwa ya gangara, ya kuma zarce tantin da kamar rabin mita ta kowane ɓangare. A ƙasa a shimfiɗa leda mai kauri wadda ta gaza faɗin tantin da santimita biyar. In ta leƙo waje, ita za ta tara ruwa ta kai shi ƙarƙashin shimfiɗarku.

Wani jiƙon kuma ba na sama ba ne, numfashinku ne ke taruwa a jikin yadi ya ɗigo. A bar tagogin iska a buɗe ko ana ruwa, a ja igiyoyi su yi tsam don kada rufin sama ya taɓa na ciki, a kuma hana yara jingina da bango.

A kafa a kan tudu, nesa da bakin rafi da gindin doguwar bishiya saboda ambaliya da tsawa. Komai sanyin Jos, kada a shigar da gawayi ko risho ciki, iskarsu tana kisa ba tare da wari ba. In kun dawo, a shanya tantin ya bushe ƙarau kafin a ajiye, in ba haka ba fumfuna za ta kama shi, robar ciki ta yi danƙo ta fara ɓarewa.