Zurfin zaman ƙwaya a cikin kwanso

Jiya ka ce min: "Maigida, albarushi iri ɗaya, ƙwaya iri ɗaya, ɗan ƙara tura ta kawai na yi cikin kwanso, sai harbin ya watse a takarda. Me ya kawo haka?"

To, yaro, haska tocila cikin bututun bindigar ka gani. Tsagogin nan masu murɗewa, waɗanda ke sa ƙwaya ta fita tana juyawa, ba daga bakin kwanso suke farawa ba. Akwai ɗan fili sumul a tsakani, shi ne maƙogwaro. Sai ƙwaya ta ƙetare shi kafin tsaga ta cije ta. Maharban Amurka, inda ɗurin harsashi da hannu ya fi yawa, tsalle suke ce wa wannan tazara. Da ka tura ƙwayar ciki, tsallen ka tsawaita. In ya yi tsawo, wata ƙwayar takan shiga tsaga a ɗan karkace, kuma yadda ta shiga haka za ta fita. Sannan tashin matsin wuta yana canzawa, ga bututu yana kaɗawa lokacin harbi, sai ƙwayar ta bar baki a wani gurbin kaɗawar daban.

Amma ba kowace ƙwaya ce mai tsirfa ba. Ƙwayar Sierra MatchKing mai nauyin giren 168 (kusan giram 11), kafaɗarta, wato inda jikinta ya fara tsukewa zuwa tsini, a kwance take, tsalle bai cika damun ta ba. Dogayen nan masu siririn tsini na kamfanin Berger, da ake kira VLD, su ne 'yan gata: inci 0.010, kaurin gashi uku ke nan, yana iya sauya musu hali. Bindigogin Weatherby kuwa da gangan aka yi musu dogon maƙogwaro, kuma ana farauta da su lafiya lau.

Inda ka yi kuskure shi ne wajen awo. Na gan ka kana aunawa daga gindin harsashi zuwa tsinin ƙwaya. Tsini maƙaryaci ne, ko a kwali ɗaya tsawonsa ba ya zuwa daidai. Daga gindi zuwa kafaɗar ƙwaya ake aunawa, wurin da zai fara taɓa tsaga. Awon tsini amfaninsa ka san harsashin zai shiga magazin, wato gidan harsasai na bindiga: iyakar tsawon harsashin .308 Winchester inci 2.810, ta .223 Remington 2.260.

Kada ka ga masu gasa suna cusa ƙwaya har cikin tsaga ka kwaikwaya. Matsi yana hawa, dole a rage albarushi a sake hawowa a hankali bisa littafin awo. Ni ma da ƙuruciya na taɓa yi, na fasa harbi na zare harsashi, ƙwaya ta maƙale a bututu, albarushi ya zube min a ciki. Yinin ranar a sharewa ya ƙare.

Kuma harbi uku da ka nuna min ba shaida ba ne, iska kaɗai tana iya yin hakan. Ka fara da tsallen inci 0.020, ka ɗura biyar, sai wasu biyar a 0.040, wasu a 0.060, albarushi bai motsa ba. Wanda ya fi haɗuwa a yadi 100 ka maimaita shi wata rana. Kafin nan ka sake auna maƙogwaron bindigar, don wuta tana cinye shi, awon bara da ke littafinka ya tsufa.