Amsa ga mai tambaya a kan 1 Korintiyawa 3:19 da karatun boko

Ɗan'uwa, salama. Ka ce wani mai wa'azi a cikin bas daga Sabon Tasha ya karanta inda Bulus ya ce hikimar duniyan nan wauta ce a wurin Allah, ya ƙara da cewa digiri ba ya kai kowa sama. Kai kuma kana karatu a Kaduna Poly, shi ne kake tambaya ko wahalar banza kake sha.

Na daɗe ina koyar da ajin matasa a makarantar Lahadi a nan Kakuri, kuma ba kai ne na farko da ayar nan ta ɗaure wa kai ba. Mai wa'azin yana da gaskiya, digiri ba ya kai mutum sama. To, jahilci ma ai ba ya kaiwa. Kada ka ajiye takardunka.

Dubi wanda ya rubuta maganar. Bulus almajirin Gamaliyel ne, babban malamin Attaura. A Atina ya kafa hujja da baitin mawaƙan Helenawa (Ayyukan Manzanni 17:28), har gwamna Festus ya taɓa daka masa tsawa cewa yawan karatu ya juya masa kai (26:24). Irin wannan mutum ne zai ce ilimi aikin banza ne?

Damuwarsa ikilisiyar Korinti ce, wadda ta rabu ƙungiya-ƙungiya: wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan na Afolos, wani na Kefas (wato Bitrus), kowa yana taƙama da malaminsa. A mulkin Romawa kuwa gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, mutuwar wulaƙanci. A ce Mai Ceto a kansa ya mutu, Yahudawa suka ga abin tuntuɓe, Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, suka ga wauta (1 Korintiyawa 1:23). Hikimar da Bulus yake kushewa ita ce wadda take kumbura mutum har ya ga gicciye bai kai matsayinsa ba, ɗan'uwansa ma bai kai ba.

Wannan na gani da idona. A majami'armu muna da sujadar Turanci da ta Hausa, kuma akwai masu yi wa ta Hausa kallon ta tsofaffi da waɗanda ba su je makaranta ba. Wani injiniya a cikinmu ko gaisuwarsu da ƙyar yake amsawa. Da masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa a shekarun 2000, tukunya ta daina hawa murhu a gidaje da yawa, har da nasa. 'Yan zumuntar mata ne, wasunsu sai dai a karanta musu Littafi, suka riƙa tara masara mudu-mudu, su kai gidajen bayan magariba don kada maƙwabta su gani mai gida ya ji kunya. Ba wanda ya koya musu wannan a aji. Amma kuma wata akanta ce ta riƙe littafin rabon, ba don ita ba da rigima ta watsa aikin tun a watan farko. Duka biyun Allah ya yi aiki da su.

Wawan da Yesu ya nuna mana a Luka 12 ba dolo ba ne. Manomi ne da ya san aikinsa, gona ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya. Lissafinsa daidai yake. Sai dai ka karanta maganarsa a hankali, daga hatsina sai kayana sai raina, babu Allah a ciki, babu maƙwabci. A daren aka karɓi ransa. Kada ka ce tanadin ne laifinsa, domin a Matiyu 25 budurwai 5 da aka kira masu hikima su ne suka yi guzurin mai a kwalba.

Abin da ya fi damuna yanzu ma wani ne daban. Yara su kwana uku suna addu'ar dare, su shafa wa biro man zaitun, littafi kuwa ko buɗewa ba su yi ba, in sakamako ya fito a ce maƙiya ne. Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi wa nawa. Amma Karin Magana 6:6 wurin tururuwa ta tura rago ya koyi hankali. Daniyel da abokansa shekara 3 suka yi suna koyon harshe da littattafan Kaldiyawa a Babila, kuma Daniyel 1:17 ta ce Allah ne ya ba su wannan sani.

Ka samu lokaci ka karanta 1 Korintiyawa sura 1 zuwa 4 a zama ɗaya, kada ka tsinci aya guda ka tsaya. In wani wuri ya shige maka duhu, ka sake tambaya a nan, akwai fastoci a cikinmu da suka fi ni zurfi.