Ina zan kai yarona ya ƙware a ninƙaya?

Tambaya: Ɗana shekararsa 9, ya iya ninƙaya a kwamin wani otal, yana son shiga gasa. Wane irin wuri zan nema masa? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, fara da tsawon kwamin. Na gasa mita 25 ne ko 50, mai layuka a miƙe. Na otal galibi gajere ne, wani ma lanƙwasasshe, yaro bai gama miƙe hannu ba ya taɓo bango, don haka numfashinsa ba zai yi tsawo ba.

Sai koci. Ki je ki zauna a gefe, ki kalli darasi guda kafin ki biya ko sisi. Yana koyar da salo huɗun nan, wato rub da ciki, rigingine, na kwaɗo da na malam-buɗe-littafi? Yana gyara wa kowane yaro juyi a bango da fitar da numfashi cikin ruwa, ko ihu kawai yake daga kan kujera? In yara sun haura 10 a hannunsa, gyaran ba zai kai kan kowa ba. Mai ceto kuma daban ake so, ba kocin ba.

Leƙa ruwan. In ba kya hango ƙasan wuri mai zurfi, ki juya. Ki nemi ganin littafin da suke rubuta awon kulorin (sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) kullum.

Lokacin hunturu ki zaɓi darasin rana. Da leɓensa ya yi shuɗi, a fito da shi. Dam da kududdufi kuwa a'a, can ake kwaso tsargiya.