Abin da ya raba gawo da turare a gonar gero

Ka tambaye ni me ya sa gero ke yin kai ƙarƙashin gawo amma ya tsumbure kusa da turare, alhali duk itace ne. Da ƙasa kake dubawa yadda kake duba waya, yaro, da ba ka tambaya ba.

Abu uku tsiro ke kokawa a kai: rana, ruwa da abincin ƙasa. Gawo ba ya cikin kokawar. Damina na faɗuwa ya kaɗe ganye, rana ta ratso, ganyen ya ruɓe a gindi. Saiwarsa can ƙasa take shan ruwa. Da rani kuma dabbobi su taru cin 'ya'yansa, su bar maka taki. Je Magariya ko Matamaye a Nijar ka ga yadda ake barinsa tsakiyar gona.

Turare fa? Saiwoyinsa na gefe a sama suke yawo, daidai inda gero ke lalube. Ganyensa mai ne da shi, ba ya ruɓa da wuri, kuma yana danne tsiro.

Wani mai kuɗi ya ba mu kwangilar kewaye gonarsa da itatuwa. Aka ce masa gawo. Ya ce shi mai saurin girma yake so, zai sayar da sanduna. Aka jera masa turare, tazarar mita 2, har ta gabas inda hantsi ke shigowa. Shekarar farko lafiya, ta biyu ma yana ta yabo. A ta uku geron gefe, wajen mita 10 daga layin, ya tsaya iya gwiwa, yana yaushi kwana kaɗan bayan ruwa. Ya zuba takin zamani, turaren ya shanye ya ƙara tsawo! Sai ya ce wai mugun iri aka dasa masa, ya riƙe ragowar kuɗin aiki. Har yau ba su fito ba. Shi ya sa ba na dasa turare sai a gaban shaidu.

Idan ka tarar an riga an dasa, haƙa lambatu mai zurfin kamu ɗaya da rabi tsakanin layin da shuka, ka datse saiwoyin. Kowace shekara, don suna dawowa. Darbejiya kuwa inuwarta ce matsala, a rage mata rassa kafin ruwan fari.

Irin gawo ɓawonsa tauri gare shi: zuba masa ruwan zafi ya kwana, ko ka tsinto daga kashin awaki. Shuka shi a ledar reno, kada ya wuce wata 4 a ciki, saiwar za ta murɗe. Dasa a tazarar mita 10, ka kewaye da ƙaya, in ba haka ba akuya ta gama da shi. Zai yi shekaru kamar ba ya motsi, ƙasa yake nutsawa. Ku da ba ku iya jiran shayi ya huce, a nan kuke tuge shi ku ce ya mutu.